Yankan Bututun Gilashi da Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Mai koyon hura gilashi a kan wuta yakan ɗauka aikin farko shi ne kunna gas. Kafin a kai nan akwai wani aiki da ke jiransa. Bututu yana zuwa daga masana'anta da tsawon mita ɗaya da rabi, ko ƙafa huɗu idan daga Amurka ya fito, abin da ake bukata kuwa sau da yawa bai wuce taƙi biyu ba. Dole a raba shi, a kuma raba shi da baki mai kyau. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi yi a kan wannan aiki.

Da gaske wuƙa tana yanka gilashi?

Sunan ne kawai. Wuƙar ba ta ratsa gilashi kamar yadda take ratsa igiya. Abin da take yi shi ne ta bar ɗan zane a jikin bututun, ƙarƙashin zanen kuma akwai wata 'yar tsaga da ido ba ya gani sosai. Wannan tsagar ita ke yin aikin. Kai naka shi ne ka nuna mata inda za ta fara, sannan ka ba ta ƙarfin da za ta zagaye bututun ta haɗu da kanta.

Gilashi yana da wani hali da ya kamata ka riƙe. Idan matse shi aka yi, yana jurewa ƙwarai. Idan jan sa aka yi, nan rauninsa yake. Wani injiniyan Ingila, A. A. Griffith, ya yi gwaje-gwaje da gilashi wajen shekarar 1920, ya nuna cewa ƙarfin gilashi na zahiri bai kai ko kusa da abin da lissafi ya ce ya kamata ya kai ba, kuma laifin na ƙananan tsagogi ne da ke fatar gilashin. Duk ƙarfin da aka ja gilashi da shi yana taruwa ne a tsinin tsaga, kamar yadda ƙyalle ke yagewa cikin sauƙi daga inda aka ɗan ɓara shi da almakashi. Mai yankan bututu yana ƙirƙirar tsaga guda da gangan, wadda ta fi duk sauran girma, don karyewar ta tashi daga wurin da ya zaɓa.

Wanda ya gane haka zai daina danna wuƙa da ƙarfin tsiya, zai kuma daina kokawa da bututu. Kusan duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga nan suka fito.

Wane kayan aiki nake bukata?

Ba su da yawa. Wuƙar gilashi ta ƙarfen tangistin kabayid ita ce gaba. Ɗan guntun ƙarfe ne mai kaifin gefe a jikin ƙota. Kada sunan ya ruɗe ka, ba shi da alaƙa da kabayid ɗin da ake jiƙawa ya ba da gas. A ma'aunin taurin abubuwa da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, gilashi yana wajen 5.5, kabayid na tangistin yana wajen 9, daimon kuma 10. Ratar nan ita ke sa wuƙar ta shekara tana aiki ba ta dushe ba.

Idan babu ita, magagari mai kusurwa uku yana yi, kuma da shi aka daɗe ana yi a ɗakunan gwaje-gwaje. Matsalarsa saurin dakushewa, domin taurin ƙarfensa bai ɗara na gilashi da yawa ba. Magagarin da ya mutu ba ya yin zane, niƙa gilashin yake yi, ya bar farin rami mai faɗi wanda ba ya karyewa da kyau. Akwai kuma alƙalamin daimon, da irin mayankin da ke da ƙaramar ƙafa mai juyawa a bakinsa.

Ban da wannan, kana bukatar tabarau na kariya, tsumma mai kauri ko safar hannu ta fata, ruwa kaɗan a kofi, abin awo, da alƙalamin da ke rubutu a jikin gilashi. Tabarau ba a yin aikin nan sai da shi. Ɓarɓashin da ke tashi lokacin karyewa ƙarami ne ƙwarai, kuma ido yake nufa.

Yaya ake yin yankan, daki-daki?

Ka goge bututun tukuna, ka auna, ka sa alama. Ka kwantar da shi a kan tebur mai laushin fuska, ko ka riƙe shi a hannun hagu ka tokare shi da babban yatsa. Ɗora kaifin wuƙar a kan alamar, ta gicciye bututun sosai, ba a karkace ba. Ka danna daidai gwargwado, ka juya bututun kaɗan a ƙarƙashin wuƙar, sau ɗaya tak. Za ka ji wani ɗan sauti siriri, ƙyas. Idan ƙarar niƙa ka ji kamar ana tauna tsakuwa, ka danna fiye da kima.

Sai ka shafa wa zanen ruwa. Ka naɗe bututun da tsumma, ka riƙe shi da hannu biyu, zanen yana kallon gaba, nesa da fuskarka. Manyan yatsunka biyu su haɗu a bayan zanen, daidai saitinsa. Yanzu ka ja hannuwanka, ɗaya dama ɗaya hagu, kana ɗan tura yatsun gaba. Zai ce ƙas, ya rabu biyu.

Idan ka ja da matsakaicin ƙarfi bai rabu ba, tsaya. Kada ka ƙara ƙarfi. Zanen ne bai yi ba, sai ka sake wani.

Lanƙwasawa ake yi ko ja?

Ja ya fi yawa, lanƙwasa kaɗan ce. Nan ne mafi yawan masu koyo suke kuskure, domin hannu ya saba da karya itace. Idan ka lanƙwasa bututu da ƙarfi, gefen da zanen yake yana buɗewa, amma ɗaya gefen yana matsewa. Tsagar tana tafiya lafiya har ta iso wurin da aka matse, sai ta rasa hanya ta kauce, ta bar maka dogon harshe mai kaifi a baki ɗaya da giɓi a ɗaya bakin. Ja kuwa yana buɗe kewayen bututun duka a lokaci guda, tsagar ta zagaya a miƙe.

Wata dabara da ke taimakawa ita ce ka matso da bututun kusa da cikinka, ka manna gwiwoyin hannunka a haƙarƙari, ka bar kafaɗu su yi jan. Ta haka ko bututun ya rabu ba zato, hannunka ba zai zarce ya bugi wani abu ba.

Tsawon zanen nawa ne? Ko in zagaye bututun duka?

A ƙaramin bututu, zanen milimita 3 zuwa 5 ya wadatar. A wanda ya ɗan fi girma, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen. Zagaye bututu da hannu abu ne da yake da kyau a tunani, amma da wuya ƙarshen zanen ya dawo daidai inda ya fara. Idan ya saɓa ko da rabin milimita ne, tsagar za ta bi shi, bakin ya fito da 'yar matakala.

Batun zurfi kuwa, zane marar zurfi mai kaifi ya fi mai zurfi dakusasshe nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba a maimaita zane, ba a kuma kai wuƙa a dawo da ita kamar mai aiki da zarto. Duk wucewa ta biyu tana farfasa gefen ta farko, ta haifar da tsagogi barkatai, kowace da inda ta nufa. Idan zanen farko bai yi ba, ka juya bututun ka yi sabo a ɗaya gefen, ko ka matsa gaba kaɗan.

Me ya sa ake shafa ruwa, wasu ma yawu? Camfi ne?

Ba camfi ba ne ko kaɗan. Gilashi saƙa ce ta silikon da iskar oksijin, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. A tsinin tsaga, inda saƙar take a miƙe tana gab da tsinkewa, ruwa yana shiga ya warware wannan riƙon. Sai tsagar ta ci gaba da ƙarfin da bai kai wanda busasshen zane zai nema ba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa gilashin da ke ɗauke da nauyi ya fi saurin karyewa a iska mai laima fiye da busasshiya, kuma dalilin ke nan.

Yawu yana yi, don galibinsa ruwa ne, kuma kullum yana kusa. Sai dai ni ba na ba da shawararsa. Yatsan da ya taɓa zane yana ɗauke da ɓarɓashin gilashi, ga shi kuma zai koma baki. Idan bututun ya taɓa zama a ɗakin gwaje-gwaje, ba ka san abin da ke jikinsa ba. Kofin ruwa a gefen tebur ya raba gardama.

Na yi zane, aka kira ni, da na dawo ya ƙi karyewa. Me ya faru?

A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Masu sana'ar suna cewa zanen ya yi sanyi. Lokacin da wuƙa ta wuce, tsinin tsagar yana da kaifi, gilashin da ke kewaye da shi kuma yana cike da matsin da wuƙar ta bari. Da tafiya ta yi tafiya matsin yana saki, laimar iska kuma tana dakusar da tsinin. Ruwan da ke taimaka maka idan kana ja shi ne ke ɓata maka zane idan ka ajiye shi ba ja. Ka yi zane, ka jiƙa, ka karya, duk a zama ɗaya. Idan guntaye goma kake so, kada ka zana goman sannan ka dawo karyawa.

Har wane girma ake karyawa da hannu? Babban bututu fa?

Bututun da faɗin bakinsa bai wuce milimita 20 ba yana karyewa da hannu ba wahala. Gogaggu suna kaiwa 25, wasu ma su ɗan wuce. Daga nan ƙarfin da ake bukata yana yawa, kuma idan bututun ya murƙushe, a cikin tafin hannunka zai murƙushe. Sai a bar ƙarfin hannu a koma ga zafi.

Hanyar da na fi so ita ce ta sanda mai zafi. Ka yi zane kamar kullum, ɗan tsayi kaɗan, ka jiƙa shi. Ka ɗauki siririyar sandar gilashi mai kaurin milimita 3 ko 4, ka sa bakinta a wuta har ya narke ya zama ɗan dunƙule mai haske. Da sauri ka dangwala dunƙulen a ƙarshen zanen, ka riƙe shi nan. Wurin da ya taɓa yana kumbura saboda zafi, gilashin da ke gefensa yana nan da sanyinsa, wannan saɓanin shi ke ja wa zanen baki ya buɗe. Wani lokaci za ka ji ƙyas, tsagar ta zagaye gaba ɗaya. Sau da yawa kuwa takan yi tafiyar santimita ɗaya ko biyu ta tsaya. Babu damuwa. Ka sake zafafa sandar, ka dangwala ta gaba kaɗan da inda tsagar ta tsaya, za ka ga ta taho wurin zafin kamar an kira ta. Haka za ka riƙa jan ta har ta kusa haɗuwa da mafarinta, sannan ka ɗan ja bututun ya rabu.

Abu biyu ke ɓata wannan hanya. Na farko, dunƙule ya yi girma, ya zafafa wuri mai faɗi, tsagar ta rasa inda za ta bi. Na biyu, rashin layin jagora. Tsaga tana bin inda ka dangwala, idan hannunka ya kauce ita ma ta kauce. Ka naɗa takarda mai miƙaƙƙen gefe a jikin bututun, gefen ya hau kan kansa daidai, ka zana layi da alƙalami a kewaye, sannan ka cire takardar ka bi layin.

Na ga ana yi da waya mai zafi. Na gwada a bututuna bai yi ba. Me ya sa?

Wayar nikurom ce, gamin nikel da kuromiyam, irin wadda ke cikin na'urorin ɗumama na lantarki. Ana zagaye bututun da ita daidai kan zane, a ba ta wuta ta yi ja na ɗan lokaci, sannan a cire a ɗiga ruwa a zanen. A kwalba da bututun gilashin soda, wato gilashin yau da kullum, tana aiki kamar sihiri.

Mai yiwuwa naka gilashin borosiliket ne, kuma shi an yi shi ne musamman don kada zafi ya fasa shi. Otto Schott ya ƙirƙiro shi a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka kuma ya fito da nasa da sunan Pyrex a 1915. Duran da Simax da Kimax duk danginsa ne. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na jikinsa silika ne, wato sinadarin yashi, wajen kashi 13 kuma sinadarin boron. Ga bambancin a aikace: sandar borosiliket mai tsawon mita ɗaya, idan ka ƙara mata zafin digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, za ta ƙaru da kusan sulusin milimita. Ta gilashin soda za ta ƙaru da kusan milimita ɗaya, wato ninki uku. Yankan zafi kuwa da wannan kumburin yake aiki. Waya tana ba da zafi a hankali, borosiliket ya shanye abinsa bai ko motsa ba. Dunƙulen narkakken gilashi ya fi ta zafi sosai kuma a wuri ɗaya yake sauke shi, shi ya sa yake cin nasara inda waya ta gaza.

Gilashin kwaz, wanda silika ne zalla, ya fi su duka taurin kai. Kumburinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na borosiliket ba. Ana iya fito da shi daga wuta ja-wur a tsoma a ruwa bai fashe ba. Ƙaraminsa yana karyewa da zane da ja kamar kowane gilashi, babbansa kuwa sai zarto.

Yaya zan gane irin gilashin da ke hannuna?

Idan da tambarin masana'anta, shi ke nan. Idan babu, ka dubi bakin da aka yanka ta tsawon bututun. Gilashin soda yakan nuna kore-kore saboda ɗan ƙarfen da ke cikin yashin da aka yi shi da shi, borosiliket kuwa kusan ba shi da launi. A wuta, na soda yana saurin ba da harshe rawaya mai ƙarfi, yana kuma saurin laushi. Akwai gwaji mai ban sha'awa: ka tsoma guntun a gilisarin. Borosiliket yana karkatar da haske kusan daidai da yadda gilisarin ke yi, wajen 1.47 a ma'aunin karkatar haske, don haka sai ya kusa ɓacewa daga gani. Na soda, mai wajen 1.52, gefensa yana nan a fili.

Sanin nan ya wuce batun yanka. Idan ka haɗa iri biyu a wuta za su manne, amma wajen hucewa ɗaya zai tsuke fiye da ɗaya, mahaɗar ta fashe. Kada guntayensu su zauna a akwati ɗaya.

Ina so in cire santimita ɗaya ko biyu kacal daga bakin bututu. Babu wurin riƙewa.

Kada ka gwada da yatsu. Tabon da ke gindin babban yatsana na dama daga nan na samo shi, ranar da na ga kamar ɓata lokaci ne in kunna wuta saboda guntu ɗaya. Sanda mai zafi ita ce maganin wannan, ko da bututun ƙarami ne. Wata hanyar kuma, ka zura sandar katako ko ta gilashi da ta cika bakin guntun, ta tsaya daf da zanen ba ta wuce shi ba, ta zama maka mariƙi. Filaya kuwa murƙushe bututu take yi.

Bakin ya fito da ɗan harshe ko ƙaya. Sai na sake yanka?

Idan ƙaramin harshe ne, a'a. Ka ɗauki ragar waya, irin wadda ake ɗora tukunyar gwaji a kanta, ka riƙa shafta bakin da ita a karkace kana juya bututun. Tana ɓantare tsinin kaɗan-kaɗan har bakin ya daidaita. Ka yi haka a kan kwandon shara, bakin bututun yana kallon ƙasa, da tabarau a fuska. Idan kana son baki shafaffe sosai, ka zuba garin silikon kabayid a kan farantin gilashi mai kauri, ka jiƙa shi, ka riƙa goga bakin a kai kana zagayawa. Samfefa mai jure ruwa ma tana yi.

Idan kuwa tsaga ce ta gangara cikin jikin bututun, ko da gajeriya ce, ka yanke wurin ka yar. Da ta ji wuta za ta ruga.

Dole ne a goge baki da wuta bayan yanka?

Idan bakin zai shiga bakinka wajen hurawa, ko zai shiga roba, ko hannu zai riƙa taɓa shi, dole ne. Sabon yanka ya fi reza kaifi. Ka kusantar da bakin ga wuta sannu a hankali ya ɗumama, sannan ka shigar da gefen kawai cikin harshen kana juyawa ba tsayawa. Da ka ga kaifin ya kwanta ya yi sheƙi, ka fitar. Idan ka daɗe, bakin zai fara tsukewa ciki. Murhun Bunsen, wato ƙaramin murhun gas na ɗakin gwaje-gwaje, ya ishi gilashin soda. Borosiliket, da ba ya laushi sai wajen digiri 820 a ma'aunin Selshiyos, yana son wutar da aka haɗa da oksijin.

Bakin da za a haɗa da wani bututun kuwa ba a cika goge shi ba, tsafta ake nema a wurinsa. Ka kakkaɓe ɓarɓashi, ka goge tawadar alƙalami da maiƙon yatsa, ka tabbatar cikin ya bushe. Ɗigon ruwa guda da ya gangaro wurin zafi ya isa ya fasa aikin.

Hasken rawaya da ke tashi idan gilashi ya shiga wuta na sinadarin sodiyam ne, kuma yana rufe maka ganin abin da kake yi. Tabarau na didimiyam yana tace shi. Sannan ka tuna, gilashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya. Ka ware gefe ɗaya na tebur don abin da ya fito daga wuta.

Bututu mai siririn jiki da mai kauri, hanyarsu ɗaya?

Abin mamaki, mai kauri ya fi sauƙi. Bututu mai kaurin jiki da ƙaramin rami, da kuma sandar gilashi marar rami, suna karyewa tsaf da ɗan zane. Mai siririn jiki shi ne jarabawa, domin wuƙar kanta tana iya fasa shi kafin a kai ga ja. Ka sassauta hannu sosai, ka tokare bayansa da yatsa, ka dogara ga ja kusan ɗungurungum. Ƙananan bututu masu kaurin tsinke ana zana su ne da gefen ɗan fallen tangaran marar sheƙi, taɓawa ɗaya.

Ba za a iya raba bututu da wuta kawai ba?

Ana yi, kullum ma. Ka zafafa wuri guda kana juyawa har ya yi laushi, ka fitar daga wuta ka ja. Wurin zai sirance ya zama dogon tsini, sai ka ƙone tsakiyarsa ya rabu. Masu hura gilashi suna son wannan domin tsinin yana zama mariƙi da ake juya aikin da shi, idan aka buɗe ƙarshensa kuma a hura ta nan. Abin da ba ya bayarwa shi ne buɗaɗɗen baki mai cikakken faɗi. Idan shi kake so, ka koma ga wuƙa.

Yaushe ne zarto ya fi?

Idan yanka a karkace ake so, ko guntaye masu yawa da tsawonsu ya zama ɗaya sak, ko babban kwaz. Faifan daimon ne mai juyawa, kuma cin gilashin yake yi a hankali. Ba a yin sa a bushe. Ruwa yana sanyaya faifan, yana kuma kama ƙurar, wadda ba abin shaƙa ba ce. Bakin zarto yana fitowa fari-fari da ƙananan ɓantarori, kuma yana riƙe datti. Idan ba a wanke shi sosai ba kafin ya shiga wuta, mahaɗar za ta fito da layin kumfa ko duhu. Saboda haka masu yin kayan ɗakin gwaje-gwaje da yawa sun fi son bakin da tsaga ta yi, don sabuwar fuska ce da babu abin da ya taɓa ta.

Na bi duk ƙa'ida, amma tsagar tana kaucewa ko ta bi tsawon bututun.

Ka fara zargin wuƙa. Ka gwada ta a wani bututun. Idan can ta yi kyau, matsalar a jikin gilashin take. Gilashin da aka taɓa zafafawa ya huce da gaggawa yana riƙe matsi a cikinsa, domin fatarsa ta daskare kafin cikinsa. Tsaga tana bin wannan matsin, ba ta kula da zanenka. Shi ya sa yanka kusa da wurin da aka taɓa haɗawa ko lanƙwasawa yake da wuyar sha'ani. Maganinsa a mayar da shi tanda, a kai shi wajen digiri 560 idan borosiliket ne, a bar shi ya jima, sannan ya huce sannu a hankali. Matsin nan ana iya ganinsa: idan aka sa gilashin tsakanin fallaye biyu masu tace haske da aka gicciye, wurin da ke da matsi yana fitowa da haske ko launuka.

Tsohon bututu da ya sha gogayya a ajiya shi ma yana da nasa tsagogin, kowace tana jiran a ja.

Akwai bututun da bai kamata in yanka ba?

Dogon ƙwan lantarki fari yana ɗauke da zaiba da farar hoda a ciki, ka bar shi. Haka duk bututun da aka rufe bakinsa biyu da wuta, domin ba ka san ko akwai matsin iska ko wani sinadari a ciki ba. Tsofaffin kayan ɗakin gwaje-gwaje da ba a san abin da suka ɗauka ba, sai an wanke su wankin gaske, wasu ma ba su cancanci wahalar ba. Gilashin da aka ƙarfafa da zafi, irin na tagar gefen mota, ba ya yankuwa sam. Da tsaga ta shige shi zai tarwatse ya zama tsakuwa.

Idan na yanke fa?

Ka wanke da ruwa mai tsafta, ka danne da ƙyalle mai tsafta, ka ɗaga hannun sama. Idan babban guntu ya nutse a nama, kada ka zare shi, ka danne gefe da gefensa ka tafi asibiti. Haka idan jinin ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya mutu, ko ya kasa lanƙwasawa, don gilashi yana tsinka jijiya ba tare da ciwon ya yi girma a ido ba. Idan kana jin kamar akwai saura a ciki, ka faɗa wa likita, gilashi yakan fito a hoton eksire. Wanda ya shiga ido kuwa ba a murzawa, ba a kuma ƙoƙarin cirowa a gida. Ƙuna ana sa ta a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na minti 20.

Mene ne ya fi yanka mutane a wannan aiki?

Tura bututu cikin toshiyar roba ya yi ƙaurin suna a ɗakunan gwaje-gwaje. Mutum ya riƙe bututun daga nesa, ya tokare ƙarshensa da tafin hannu, ya tura. Bututun ya karye a tsakiya, ragowar ta shige tafin. Ka goge bakin da wuta tukuna ya huce, ka shafa masa gilisarin ko ruwa, ka naɗe hannu da tsumma, ka riƙe shi santimita biyu ko uku daga toshiyar, ka riƙa murzawa kana shigarwa kaɗan-kaɗan. Idan tsohon bututu ya manne a roba, ka tsaga robar da wuƙa ka cire shi. Wani abin kuma da ke yanka mutane shi ne share tebur da tafin hannu. Ka yi da buroshi da jiƙaƙƙiyar takarda, ka zuba a kwali mai kauri da aka rubuta wa suna, saboda wanda zai kwashe shara.

Yaya zan koya ba tare da na ɓarnatar da bututu ba?

Ka sami bututun milimita 8 ko 10 guda ɗaya ka sadaukar da shi. Ka raba shi biyu, ka raba kowane rabi biyu, ka ci gaba har guntayen su gajarce su kasa riƙuwa. Bayan kowace karya ka dubi bakin a haske. Kusa da zanen za ka ga wuri sumul kamar madubi, daga nan ne tsagar ta tashi. Idan sumul ɗin ya zagaye bakin duka, da ɗan ƙarfi ka karya, kuma haka ake so. Idan ya koma gautsi-gautsi da layuka kamar gashin tsuntsu, ƙarfin ya yi yawa, wato zanen bai yi kaifi ba. Idan akwai harshe a gefen da ke bayan zanen, lanƙwasa ta rinjayi ja. Guntayen kuma kada ka zubar, da su za ka koyi goge baki da wuta, daga baya ka koyi haɗa su biyu-biyu.